Abin da jiki ya koya yana bin jini? Tsakanin Lamarck da Darwin

Ɗan Maƙera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masanan gidan nan. A gidanmu ƙira muka gada kaka da kakanni. Duk namijin gidan za ka gan shi da faɗin kafaɗa da kaurin damtse, har waɗanda suka tafi boko ba su taɓa ɗaga masaba ba. Ni a ganina dukan ƙarfen da kakanninmu suka yi shekara da shekaru ne ya sauko mana a jini. To ƙanena da ke aji shida na sakandare ya ce wai wannan ra'ayin wani Bafaranshe ne mai suna Lamarck, kuma tuni masana suka yi watsi da shi. Ta yaya za a yi watsi da abin da ido ke gani? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Bagobiri: Wa alaikumus salam. Malam maƙeri, kafin masana su iso bari in ɗan tsoma baki. Kakana yana da tsaga, ubana yana da tsaga, tun daga gefen baki har kunne. Ni da aka haife ni fuskata sumul, sai da wanzami ya zo da askarsa ya zauna a kan tabarma ya yi aikinsa. 'Ya'yana kuma ban yi musu ba, ga su nan kamar ba jikokin masu tsaga ba. In abin da aka yi wa jikin uba yana sauka a jini, ai da wanzamai sun daɗe da rasa sana'a.

Maman Walid: Haka ma hujin kunne. Uwa da kaka da kakar kaka duk an huda musu, amma ba a taɓa haihuwar jaririya da kafar ɗan kunne ba.

Bagobiri: Ga kuma kaciya. Shekaru dubbai ana yi.

Malamar Bayoloji: Sannunku da muhawara. Ɗan Maƙera, ƙanenka ya faɗi daidai, amma kada a raina Lamarck, ba ƙaramin masani ba ne. An haife shi a 1744, ya rasu a 1829 yana makaho, talaka. A 1809 ya fitar da littafin da ya ce halittu suna canzawa a tsawon zamani, a lokacin da yawancin masanan Turai ke cewa kowace dabba yadda take yau haka take tun farko. Bayaninsa hawa biyu ne. Gaɓar da dabba ke yawan aiki da ita tana ƙarfi tana girma, wadda ta bari tana shanyewa. Sannan abin da dabbar ta samu ta wannan hanya 'ya'yanta za su gada. Shahararren misalinsa raƙumin dawa: wai miƙa wuya zuwa ganyen sama, zuriya bayan zuriya, shi ya tsawaita wuyan.

Hawa na farko gaskiya ne, damtsenka shaida. A hawa na biyu aka samu matsala.

Darwin, wanda aka haifa a daidai shekarar 1809 ɗin, ya zo da wani bayani daban a littafinsa na 1859. Ya ce a cikin kowane garke dama akwai bambanci, wani ya fi wani tsawo, wani ya fi gudu, wani ya fi jure yunwa. Ana haihuwar fiye da waɗanda abinci zai iya riƙewa. Wanda bambancinsa ya dace da wurin shi zai fi rayuwa ya bar 'ya'ya da yawa, su kuma su gaji wannan siffar. Kamar tankaɗe ne: rariya ba ta niƙa komai, abin da ke cikin garin take rabawa, wani ya wuce wani ya tsaya. Wannan shi ake kira zaɓin yanayi. Wani masani mai suna Wallace ma ya gano haka shi kaɗai yana can tsibiran Indunusiya, aka karanta takardunsu tare a Landan a 1858.

Na Yamai: Malama, tunda kin ambaci raƙumin dawa, mu nan muna da su a Kure, ba nisa da Yamai. A 1996 saura kusan 50 suka rage, yanzu sun haura 600. In ka tsaya kusa da su za ka ga ba kullum suke cin na ƙololuwa ba, sau da yawa wuyan a sunkuye yake suna tsinkar ganye daidai kafaɗarsu. Mazan kuma da wuyan suke faɗa, suna maka wa juna kai kamar gora, ƙarar har tsoro take ba mutum.

Malamar Bayoloji: Na gode Malam. Shi ya sa wasu masana ke cewa faɗan maza a kan mata ma yana da hannu a tsawon wuyan, ba abinci kaɗai ba. Har yanzu ana ja-in-ja a kai. Abin mamaki, ƙasusuwan wuyansa bakwai ne kacal, daidai da namu, kowanne ne dai ya yi tsawo.

Baban Ilham: Ni fa ban gamsu da misalan tsaga da kaciya ba. Ku yi wa Lamarck adalci. Bai ce in an yanke maka wani abu ɗanka zai fito babu shi ba. Magana ya yi a kan abin da jiki ya yi da kansa saboda buƙata, da ƙoƙari da maimaici. Wanzami daga waje ya zo, ba jikin Bagobiri ne ya nemi tsaga ba. Tambayar Ɗan Maƙera kuwa a kan ƙoƙarin jiki take. Don haka har yanzu ba a amsa masa ba.

Likitan Dabbobi: Baban Ilham ya kama wurin da ya dace. Irin wannan sukar aka yi wa August Weismann, Bajamushen da ya riƙa datse wutsiyar ɓeraye wajajen 1888. Zuriya biyar ya bi, aka haifi 'ya'ya 901, babu ko ɗaya da ya fito da guntuwar wutsiya. Magoya bayan Lamarck suka ce da ma ba abin da suke nufi ke nan ba. Amma babban aikin Weismann ba wutsiyar ba ce. Shi ne ya nuna cewa ƙwayoyin haihuwa, wato maniyyi da ƙwan mace, layinsu daban yake da sauran ƙwayoyin jiki. A jikin dabba ana ware su tun tana ɗan tayi. Naman damtse ya yi kauri ko ya rame, babu wata hanya da aka sani da zai aika saƙo zuwa ga ƙwayar haihuwa ya ce a sake rubutun gado daidai da wannan kaurin.

Mu a wurin kiwo kullum muna ganin haka. Ka ɗauki ragon Yankasa ka ɗaure shi wata shida, dusa da harawa da ƙuli, ya yi ƙiba har ya kasa tashi. Ka ba shi tunkiya, ɗan da za a haifa Yankasa ne, ba zai zama Balami ba. In kana son manyan tumaki sai ka nemi rago daga babban iri. Shanun Muturu na kudu suna jure sammore a dajin da tsando ya yi yawa, Bunaji in ta shiga can ta daɗe sai ta lalace. Ba wai Muturu ta sha cizo ta saba ta koya wa 'ya'yanta ba. Waɗanda ba su iya jurewa ba sun mutu tun zamanin da, masu jurewa su suka hayayyafa.

Ɗan Maƙera: To Likita, kafaɗun gidanmu fa? Daga ina suka zo?

Likitan Dabbobi: Juya tambayar. Wa zai zauna gaban uwar maƙera tun safe har la'asar, shekara arba'in, yana dukan jan ƙarfe? Mai ƙirar jikin da za ta ɗauka. Mai yiwuwa kakanku na farko da ƙarfinsa ya shigo sana'ar, kuma a da maƙera sukan yi aure a tsakaninsu. Sai ƙirar jikin ta zauna a dangi. Ka haɗa da cewa yaron gidan maƙera tun yana ƙarami yake jan zugazugi yana ɗaukar gawayi, ko da daga baya ya tafi boko. Ƙashin kun gada, naman kowa shi ya gina nasa.

Bagobiri: Wato ba ƙira ce ta ba su kafaɗa ba, kafaɗa ce ta kai su ƙira. Maƙeri, ka ji.

Abu Hanifa: Jama'a a yi hattara. Wannan ba maganar Darwin ba ce da ya ce mutum daga biri ya fito? Mu dai mun san asalinmu Annabi Adamu, Alaihis Salam.

Admin: Malam Abu Hanifa, Allah ya saka da alheri. Batun asalin ɗan Adam mun taɓa yin sa a nan ya kai mu ga cire mutane, kuma wurinsa gaban malamai. Abin da ke gabanmu yau shi ne yadda siffa ke bin zuriya, abin da makiyayi da manomi da likita ke gani da idonsu. A tsaya a nan don Allah.

Ɗalibar Likitanci: Admin na gode. Ni misalin da ya fi damuna na asibiti ne. Iyayenmu da yayyenmu sun tuna kulorokwin, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Da can yana kashe zazzaɓin cizon sauro tas. Ƙwayar cutar da ba ta jin sa ta fara ɓulla a ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya da kuma Kwalambiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu. A 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko. Mutane sukan ce cutar ce ta saba da maganin. To wannan ba Lamarck ba ne? Ta sha wuya, ta koya, ta gadar wa 'ya'yanta.

Malamar Bayoloji: 'Yata, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace kyau, domin an gwada ta kai tsaye, da bakteriya. Ko dai magani ne ke sa ƙwayar ta canza, ko kuwa mai canjin dama tana ciki kafin maganin ya zo. A 1943 wasu masana biyu, Luria da Delbrück, suka nuna ta hanyar lissafi cewa canjin yana riga zuwa. Amma gwajin da na fi son koya wa ɗalibai shi ne na Joshua Lederberg da matarsa Esther a 1952, don ko yaro zai gane shi.

Sun shuka bakteriya a faranti marar magani, suka tsiro gungu-gungu. Sai suka ɗaure ƙyallen karan-miski a kan wani katako mai faɗin farantin, suka danna shi a hankali a kan gungun, gashin ƙyallen ya ɗebi kaɗan daga kowanne. Suka ɗaga, suka danna a kan wasu farantai masu ɗauke da abin da ke kashe bakteriyar. Kusan duk suka mutu, sai 'yan ɗigo kaɗan suka tsiro. Abin lura shi ne, a kowane faranti a wuri guda ɗigon ke fitowa. Da maganin ne ke koya musu juriya, da wannan farantin ya tsiro a dama, wancan a hagu. Suka koma farantin asali, wanda bai taɓa ganin magani ba, suka ɗebo daga daidai wannan wurin, suka tarar da masu juriya zaune a can.

Ƙwayar gado, wato rubutun da ke cikin jikin halitta mai ɗauke da siffofin da ake gada, takan samu kuskure wajen kwafar kanta, ba tare da ta san abin da ke tafe ba. Yawancin kuskuren ba ya amfani, wani ma illa ne. Amma in magani ya share sauran, mai kuskuren da ya dace ita za ta cika wurin. Shi ya sa yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, mura kaɗan a je kyamis a sayo kafso, yake da haɗari ga kowa, ba ga mai sha kaɗai ba.

Maman Walid: Malama, sikila fa? Na ji an ce tana da alaƙa da sauro.

Ɗalibar Likitanci: Ƙwarai Anti. Harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, musamman yana yaro. Anthony Allison ne ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. A inda sauro ke kashe yara, masu AS sun fi tsira su girma su haihu, shi ya sa S ɗin ya yawaita duk da wahalar da mai SS ke sha. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma ana ƙiyasin jarirai kimanin 150,000 ake haifa da SS duk shekara. Ba cizon sauro ne ya lanƙwasa jinin kakanninmu ba. Kuma mai AA ko ya yi zazzaɓi sau ɗari ba zai koma AS ba, mai AS ko ya ƙaura inda babu sauro ko ɗaya zai iya ba ɗansa S. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba.

Baban Ilham: Duk na ji. Amma ku faɗa wa mutane cewa Darwin da kansa ya yarda da gadon abin da jiki ya samu. A 1868 har ya ƙirƙiro bayanin cewa kowace gaɓa tana sakin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke taruwa a gaɓoɓin haihuwa. Ɗan uwansa Galton ya gwada da zomaye, yana ɗura jinin wani launi a jikin wani, 'ya'yan ba su canza launi ba. To ba Lamarck kaɗai ya yi wannan tunanin ba. Na biyu kuma, me za ku ce game da efijenetik, wato alamun sinadarai da ke zama a kan ƙwayar gado su sauya yadda take aiki? A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe abinci ga yammacin Holan, mutane kusan 20,000 suka mutu da yunwa. Yaran da aka ɗauki cikinsu a wannan lokacin sun girma da yawan ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya fiye da 'yan uwansu. A 2008 aka duba jininsu, bayan shekara sittin, aka ga alamun sinadarai da ke kan wata ƙwayar gado mai kula da girma sun bambanta da na 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Yunwar uwa ta bar tabo a jikin ɗa. Wannan ba shi ne maganar Lamarck ba?

Malamar Bayoloji: Batun Darwin gaskiya ka faɗa. Bai san yadda gado ke aiki ba. Mendel, wanda ya fara gano dokokin gado, ya buga sakamakon gwajinsa na waken fis a 1866, ba wanda ya kula sai 1900, siffar DNA kuwa, wato sinadarin da rubutun gado yake ciki, sai 1953 aka gano ta.

Na Holan kuma, Baban Ilham, duba da kyau wa yunwar ta taɓa. Ɗan tayin yana cikin cikin, shi ma yunwar ta same shi kai tsaye. Ba gado ya yi ba, da shi aka yi. In 'ya mace ce, ƙwayayen da za ta haifi nata 'ya'yan da su tun tana ciki ake ƙera su, don haka jikoki ma ana iya cewa sun ɗanɗana. Sai abin ya bayyana a tattaɓa-kunne kafin a ce ya bi zuriya da gaske, kuma a wurin ɗan Adam hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Alamun nan ba sa canza haruffan DNA, kunna ƙwayar gado suke yi ko su kashe ta. A dabbobi masu shayarwa kuma ana goge mafi yawansu har sau biyu, bayan shigar ciki da kuma lokacin da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa. A tsirrai da wasu ƙananan tsutsotsi abin yakan daɗe zuriya da yawa, wannan ba a musu. Sannan ka lura, Lamarck cewa ya yi abin da aka gada gyara ne da ya dace da buƙata. Ciwon suga ba gyara ba ne.

Likitan Dabbobi: In ƙara da tarihi kaɗan, don a san wannan musun ya taɓa cin rayuka. A Tarayyar Sobiyet an yi wani Lysenko da ya shawo kan Stalin, shugaban ƙasar, cewa ana iya horar da alkama da sanyi ta gadar wa 'ya'yanta, har ya kai ga cewa wani nau'in hatsi yana rikiɗa ya zama wani. Hukuma ta so maganar, don ta yi alkawarin amfanin gona cikin gaggawa. A 1948 aka haramta koyar da ilimin gado irin na Mendel a ƙasar. Nikolai Vavilov, mutumin da ya zagaya duniya har Habasha yana tara irin shuka, an kama shi a 1940, ya mutu a kurkukun Saratov a 1943 da yunwa. Sai a 1965 aka sauke Lysenko, bayan an yi asarar masana da shekaru.

Na Yamai: Manomin gero na ƙauye ya fi Lysenko sani. Tun a gona yake zagayawa yana duba zangarniyar da ta fi tsawo da cika, wadda ta riga nuna, ya yanke ta daban ya rataye a rumbu don iri. Ba ya cewa bari in hana gerona ruwa ya koyi jure fari.

Malamar Bayoloji: Da irin wannan zaɓen na manoma da masu kiwon tantabaru Darwin ya buɗe littafinsa. An kuma ga yanayi ya yi irinsa da ido. Peter da Rosemary Grant sun fara auna wasu ƙananan tsuntsaye a wani ɗan tsibiri na Galapagos, cikin tekun Pasifik, tun 1973, suna sa wa kowanne zobe a ƙafa. A 1977 aka yi fari, ƙananan 'ya'yan ciyawa masu taushi suka ƙare, sai manya masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na tsuntsayen suka mutu. Waɗanda suka rage masu kaurin baki ne, 'ya'yansu kuma suka fito da baki mafi kauri da kimanin kashi 4 cikin 100. Babu tsuntsun da bakinsa ya ƙaru don yana fama da ƙwaya mai tauri, an auna su kafin farin da bayansa.

Baban Ilham: Na yarda zaɓin yanayi shi ne babba. Amma ban rufe littafin Lamarck ba tukuna. A jami'ar Emory ta Amurka, wajajen 2013, an riƙa shaƙa wa ɓeraye maza wani ƙamshi ana haɗa musu da ɗan jan lantarki a ƙafa. 'Ya'yansu da jikokinsu, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da iyayen ba, suka fito suna saurin razana da wannan ƙamshin.

Malamar Bayoloji: Na san gwajin. Wasu masu nazarin alƙaluma sun ce sakamakon ya yi kyau fiye da yadda yawan ɓerayen zai iya bayarwa, kuma har yau ba a nuna hanyar da saƙo zai bi daga hanci zuwa maniyyi ba. Ban ce ƙarya ne ba. A maimaita shi a ɗakunan bincike da yawa, a ga zuriya nawa yake kaiwa kafin ya dushe, sannan mu zauna.

Ɗan Maƙera: To ni yanzu tambayata ta koma wata. Matata AS ce, ni ban taɓa gwadawa ba, 'ya'yanmu biyu lafiya lau. Sai na yi gwajin?

Ɗalibar Likitanci: Yaya, ka yi, kuma a gwada yaran ma. Lafiyar biyun farko ba ta nuna kai AA ne ba. Ka je babban asibiti ko ɗakin gwajin da aka yarda da shi, ka ce gwajin jinotaif kake so, ba na rukunin jini ba, don mutane suna yawan haɗa su. In sakamakon ya fito ka kai wa likita ya yi muku bayani kai da Anti tare.